Yini Guda a Detroit

Mai masaukina a birnin Detroit na ƙasar Amurka dattijo ne baƙar fata wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar haɗa motoci, kuma tun da sassafe ya ce in shiga mota ya zaga da ni in ga garin da idona. Mun fara da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Michigan Central, wadda jirgin ƙarshe ya bari a 1988, ta zauna kufai shekara talatin kafin kamfanin Ford ya saye ta a 2018, ya gyara, aka sake buɗe ta a 2024. Wanda ya ga kyan ginin da cunkoson matasa a kewayensa zai rantse birnin ya farfaɗo.

Da muka nausa gabas sai na ga wani Detroit ɗin dabam. A wani layi na ƙirga gidaje huɗu kacal masu mutane, sauran duk filaye ne da ciyawa ta cinye, sai matakalar siminti nan da can, ba gida a bayanta. Dattijon ya tsaya a gaban ɗaya daga ciki, ya ce nan gidan mahaifiyarsa yake a da. Na rasa abin da zan ce masa.

A 1950 mutanen birnin sun haura miliyan 1.8, amma ƙidayar 2020 ta sami kimanin 639,000 ne kawai. Masana'antu sun yi ƙaura, manyan hanyoyin da aka shimfiɗa, har da wadda ta shafe Titin Hastings, cibiyar kasuwancin baƙaƙen fata, sun sauƙaƙa wa masu hali komawa wajen gari, sannan tarzomar 1967 da ta ci rayuka 43 ta ƙara ingiza su. Haraji ya bi masu shi, har birnin ya ayyana karyewa a 2013 da bashin kusan dala biliyan 18.

Inda dukiyar ta sauka na gan shi bayan mun ƙetare Titin Eight Mile, iyakar birnin ta arewa, zuwa gundumar Oakland, muka kai garin Troy mai manyan kantuna da ofisoshi. Abin da ya dame ni shi ne, kuɗin da ke dawowa yanzu ya fi tsayawa a tsakiyar birni, bai kai ga waɗanda suka jure wahalar ba tukuna.

Da la'asar muka koma unguwarsa, ya fito da injin yankan ciyawa ya shiga share filin da ke maƙwabtaka da shi, wanda ba nasa ba ne.