Talata, a gindin maɗaci

Yau tun ƙarfe bakwai na bar Kawo, tef ɗin awo a wuya, littafi a hammata, hazo ya rufe gari. Mako na uku ke nan ina ƙidayar itatuwan bakin titi a Kaduna don binciken karatun da nake yi, yau kuma Unguwar Rimi ce a kan layi. Aikin ba wuya, sai dai gundura: ka auna kewayen bishiya a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wato daidai ƙirji, ka raba da 3.14 ka sami kaurinta, ka rubuta suna da lafiyarta, ka yi gaba. Kafin hantsi na cika shafi biyu, yawanci darbejiya da mangwaro da turare. Rimi kuwa, a unguwar da ta ci sunansa, ko ɗaya bai shiga littafina ba yau.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na iso wani ƙaton maɗaci. Tef ya nuna santimita 310, hannuna biyu ko rabinsa ba su rungume ba. Gefen da ke kallon titi duk an sassaƙe ɓawon, masu neman maganin ciwon ciki sun yi masa ta'asa, wani wurin har farin itacen ya fito. Ina cikin zagayawa sai wani dattijo mai shayi ya ajiye buta ya taso.

"Ɗana, sare shi za ku yi?"

Na ce, "A'a Baba, ƙidaya kawai muke yi." Bai yarda ba. Ya ce a iya saninsa, duk wanda ya zo da tef, mai zarto na biye da shi. Sai da na buɗe masa littafin kafin ya saki fuska, ya jawo mini benci.

Daga Daura ya zo yana saurayi, a bayan motar gyaɗa, kuma a gindin wannan itacen ya yi kwanansa na farko a Kaduna. Ya nuna mini inda 'yan'uwan maɗacin guda huɗu suke a da, yanzu shaguna ne. Yana faɗar su ɗaya bayan ɗaya kamar mai lissafa mamatan gidansu. Ni kuma na ba shi nawa: darbejiyar nan da muke gani kamar 'yar gida baƙuwa ce daga Indiya, a Borno aka fara dasa ta a 1928, turare kuma daga Ostireliya. Ya yi dariya har da tafa cinya, ya ce ashe su ma 'yan ci-rani ne, shi ya sa suka dace da Kaduna.

Na yi tafiye-tafiye saboda wannan karatu, daga gandun dajin Afaka har Ibadan, amma kullum lambobi nake dawowa da su gida. Da kakata ce ta je Zariya kwana ɗaya, sai mun yi mako muna shan labari. Fom ɗina yana da gurbin tsawo, kauri da cuta, ba shi da gurbin wanda ya kwana a ƙarƙashi. A gefen shafi na rubuta, da fensir, kada malamina ya ce na ɓata masa takarda.

Gobe Malali. Baba ya hana ni biyan kuɗin shayi, kuma sai da na iso gida na tuna ban auna tsawon maɗacin ba.