Ranar da na katse dattijo yana gina ɗakin ƙanƙara

Har yanzu kunya takan kama ni idan na tuna. Ina koyar da lissafi a wani ƙaramin gari a tsibirin Baffin, cikin yankin Nunavut na arewacin Kanada, inda dokar ilimi ta 2008 ta wajabta a ɗora karatu a kan Inuit Qaujimajatuqangit, wato sanin da mutanen Inuwit suka gada kaka da kakanni. Na ga ginin iglu, wato ɗakin ƙanƙara, zai dace da darasin da'ira, sai na gayyato wani dattijo, na buga takardun tambayoyi, na ware masa minti 40 kamar kowane darasi.

Dattijon ya cinye rabin lokacin yana soka sanda cikin dusar ƙanƙara, yana neman wadda iska ta danne ta yi tauri daidai, bai ce uffan ba, yaran kuma suna biye da shi tsit. Da ya fara yanka tubala yana jera su suna hawa a murɗe, sai haƙurina ya ƙare, na nemi ya bayyana dalilin karkatar da kowane tubali, na kuma shiga kiran yara ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Ya ƙarasa gininsa, ya tafi, bai sake zuwa ba duk wannan hunturun.

Wata malama 'yar garin ce ta fahimtar da ni cewa shirun nan shi ne darasin, abin da suke kira pilimmaksarniq, koyo ta kallo da gwadawa. Ta ƙara da cewa yawancin tsararrakinsa an raba su da iyayensu an kai su makarantun kwana da aka hana su harshensu, don haka baƙo da takarda a hannu yana ba su umarni ba sabon abu ba ne a wurinsu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na tashi ina ganin ɗan maƙeri yana koyon ƙira daga bakin zuga, kuma a gida ba zan taɓa katse babba haka ba.

Duk malamin da zai gayyaci dattijo, ya fara zuwa gidansa su sha shayi, ya bar shi ya zaɓi abin da zai koyar da ranar da ta dace, ya ba shi yini guda, lissafin kuma ya jira washegari. Da hunturu ya zagayo dattijon nan ya amsa gayyatar, aikina kuwa miƙa tubala ne kawai, biyu ma suka karye a hannuna.