Kiɗan da ya shigar da ni cikin mutanen Romaniya

Karatun likitanci ne ya kai ni Kuluj, babban birnin yankin Tiransilbaniya a ƙasar Romaniya. Watannin farko sun yi mini nauyi. Sanyi har cikin ƙashi, a watan Disamba rana ta faɗi tun biyar ba ta yi ba, ga harshen da ban iya komai a cikinsa ba sai gaisuwa. A aji da Turanci ake koyar da mu, amma a kasuwa ko cikin bas sai dai in yi ta kallon bakin mutane.

Dattijuwar da nake haya a gidanta 'yar Maramuresh ce, can arewa kusa da iyakar Yukiren. Talabijin ɗinta ba ya barin tashar kiɗan gargajiya. Ni duk ɗaya nake jin su, ita kuwa ba ta yarda da haka ba. Takan ce, "Ɗana, buɗe kunnenka, kowane yanki da hannunsa." A wurinta na koyi cewa mutanenta kayan kiɗa uku suke haɗawa: gogen Turawa da suke kira cetera, da jita mai suna zongora, da ganga. A Bihor ana ɗaura wa gogen bakin ƙaho na ƙarfe don amonsa ya kai nesa. A duwatsun Apuseni mata ne suka shahara da busa tulnik, wani dogon ƙahon katako da ya fi mutum tsawo. Mutanen yankin Moldoba da ke gabashin Romaniya kuma su ne masu kakakin tagulla, irin na ƙungiyar makaɗan Fanfare Ciocărlia daga ƙauyen Zece Prăjini, masu saurin da numfashi ba ya bi.

Wanda ya fi kama ni shi ne doina. Waƙa ce ta mutum ɗaya, ba ta da ƙayyadadden bugu, mai rerawa na jan murya yadda zuciyarsa ta ɗauka, kan kewa, talauci, rabuwa. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2009. Tsohuwar nan takan rera ta a ɗakin girki idan ta tuna 'ya'yanta da ke aiki a Italiya, kamar miliyoyin 'yan ƙasar da suka tafi ci-rani Yammacin Turai. Ita uwar matafiya ce, ni ɗan wata uwar da aka bari a gida. Daga nan muka fahimci juna, tun ban gane kalmomin ba.

Da bazara ta tafi da ni bikin auren jikarta a ƙauye. Na ce ba na shan giya, ba na cin naman alade, aka kawo mini kaza da tuwon masararsu, mamaliga, ba wanda ya ɓata rai. Makaɗan sun kwana suna aiki, maza na buga ƙafa suna jefa baitoci da ƙarfi a tsakiyar rawa, ana cusa wa mai goge kuɗi.

Akwai abin da ke damuna a nan. A kudancin ƙasar musamman, yawancin makaɗan sana'a, wato lautari, 'yan ƙabilar Roma ne (wata ƙabila ce tsiraru, da Turanci ana ce musu Gypsy), waɗanda aka riƙe cikin bauta har zuwa 1856. Ɗa yana gadon sana'ar daga ubansa. Ba a biki sai da su, amma idan aka watse da yawa ba sa son haɗa zuri'a da su. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san irin wannan zaman tsakanin maroƙa da masu gida. Makaɗan ƙauyen Clejani, Taraf de Haïdouks, sai da Turawan yamma suka ɗauke su bayan 1990 suka zaga duniya da su kafin a gida a fara ba su girman da ya dace. Wannan ba adalci ba ne.

Yanzu da muke zagayen marasa lafiya a asibiti, idan na ga tsoho ya ɗaure fuska ga baƙon likita, nakan tambaye shi yankinsu. In ya ce Banat, sai in ambaci taragot, algaitar da suke ji da ita. In ya ce Olteniya, in ce garin 'yan rawar kalush. Nan take yake gyara zama, ya fara ba ni labarin mai kiɗan ƙauyensu, daga can kuma mu gangaro kan ciwon da ya kawo shi.