Ina amsa sallama, amma ba kowa nake zare wa sakata ba

A gidanmu na cikin birnin Kano ƙofa a buɗe take wuni, kuma ba wanda ya taɓa damuwa. Akwai zaure, akwai dakali, Baba da abokansa suna zaune a waje. Baƙo namiji iyakarsa zaure, sai ya samu yaro ya aika ciki a ce ana sallama da maigida. Kafin mutum ya taka tsakar gida, mutane da yawa sun gan shi, sun kuma san ɗan gidan wane ne.

Aure ya kai ni sabuwar unguwa a bayan gari. Gida mai doguwar katanga da get na ƙarfe, ba zaure, maƙwabta kowa ya fita nema tun safe. Idan na buɗe, babu kowa tsakanina da mai bugawa. Masu bugawar kuma ba sa ƙarewa: almajirai, mai garuwa, 'yan gwangwan, dillaliya, masu duba mita, masu yawo da takardar asibiti suna neman taimako.

Abin da ya fi damuna shi ne nauyin baƙo. An raine mu da cewa baƙonka annabinka, to yaya zan bar mutum tsaye a rana? Malamarmu ta Islamiyya ce ta warware mini, da aya ta 27 da ta 28 a Suratun Nur. Allah ya hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, ya kuma ce idan aka ce ku koma, to ku koma, hakan ya fi muku tsarki. A hadisin Abu Musa, neman izini sau uku ne, in ba a ba ka ba ka juya. Jabir ma da ya buga ƙofar Annabi (SAW) aka tambaye shi wane ne, ya ce "ni ne", Annabi ya nuna bai so wannan amsa ba. Daga ranar zuciyata ta samu natsuwa.

Maigidana ya kira mai walda ya yanka ƙaramar taga a jikin get, daidai fuska. Ta nan nake amsawa. Ina tambayar suna da wanda ake nema. Ba na cewa maigida ya yi tafiya, ba na kuma yin ƙarya. Cewa nake: "Malam, kira shi a waya, shi zai ba ka amsa."

Wata rana da hantsi wani mutum ya zo cikin shadda mai kyau, da mota. Ya gaishe ni cikin ladabi, ya ambaci sunan maigidana har da wurin aikinsa, ya ce an turo shi ɗaukar janareta a kai gyara. Na ce ya ɗan jira in kira. Ina gani fuskarsa ta canza, ya ce sauri yake, Hajiya ai ba sai an dame shi ba. Kafin in gama wayar motar ta bar layin. Maigidana bai aiko kowa ba. Sanin suna ba shaida ba ce, kowa zai iya samunsa a wurin mai shago ko yaran layi.

Mata sun fi ba ni wahalar yanke hukunci. Mai goyo ta ce a taimaka mata da ruwa, wa zai hana? Ina miƙa mata ta tagar, da abinci in akwai. Ma'aikatan rigakafin shan inna kuwa ana gane su da akwatin sanyi da allin da suke rubutu da shi a bango. Yaran nake fitowa da su bakin get, a ɗiga musu, a shafa musu tawada a yatsa, mu koma ciki.

Yara na kafa musu doka: ko sun san fuskar, su zo su faɗa mini kafin su taɓa sakata. Na sa babbar cikinsu ta haddace lambar babanta da 112, lambar kiran gaggawa.

Gwaggona ta ji haushi ranar da na tambaye ta wace ce kafin in buɗe, har ta kai ƙarata wurin Inna. Na je na yi mata bayani a tsanake. Yanzu tun tana cikin Adaidaita Sahu take kirana ta ce ga ta nan tafe.