Tsohuwar 911 mai giyar daji da muka saya, da abin da ta koya min

Ni ne nake kula da harkar motoci a wajen kawuna, shi ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, yana da manoman da yake baiwa taki bashi da damina a ƙauyukan da ke bayan Saminaka su biya shi da masara idan kaka ta yi. Matsalarmu shekara da shekaru guda ɗaya ce, hanya. Daga Kano ka bi Tudun Wada ka ratsa dajin Falgore har Saminaka kwalta ce, ko da ramuka dai kwalta ce, amma da ka sauka ka nufi ƙauye sai burji, burjin ya ƙare sai laka da rafi, kuma lokacin da manomi ya fi buƙatar taki, watan shida da na bakwai, lokacin ne babu direban da zai yarda ya shiga maka da motarsa. Akwai shekarar da taki ya kwana tara a bakin hanya an rufe da tamfol muna neman tarakta, kafin ya isa gona masara ta riga ta yi ja. Daga nan ne na dinga yi wa kawu naci mu sayi mota mai fowil, wato mai ja da tayoyin gaba da na baya, tamu ta kanmu.

Da aka kira ni aka ce ga wata an samu, na je na ganta, wallahi zuciyata ta gama saye tun kafin in taɓa ta. Mercedes ce mai gajeren hanci, irin wadda kowa ke kira 911, ja jawur, a ƙofarta har yanzu da lamba 112 ta 'yan kwana-kwanan Jamus, don motar kashe gobara ce a can kafin a shigo da ita a cire tankin a yi mata bodi. A jikinta an rubuta LA 911. Wannan A ɗin shi ne abin da nake nema, yana nufin tana ja gaba da baya. Ƙirar ƙarshen shekarun 1970 ce, amma agogon kilomita bai kai dubu talatin da biyar ba. Aka murza makulli ta tashi bugu ɗaya, injin yana wannan ƙarar tasa mai nauyi, ba hayaƙi, kujera ko yagewa ba ta yi ba. Na kira kawu a waya na ce Kawu wannan sabuwa ce aka ajiye mana.

Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne injin, kuma a nan ban yi kuskure ba. OM352 ne, silinda shida a jere, lita 5.7, tun 1964 ake yinsa, babu kwamfuta babu waya mai yawa, famfon mai da nozul ne kawai. Ita kanta wannan ƙirar mai gajeren hanci tun 1959 aka fara ta, aka ci gaba da yi don kasuwannin waje har tsakiyar shekarun 1990, ga kamfanin ANAMMCO na Enugu da aka buɗe a 1980 don harhaɗa manyan motocin Mercedes a ƙasar nan, shi ya sa duk garin da ka shiga akwai bakaniken da ya girma a ƙarƙashin wannan injin. Fiston, ringi, gasket, famfon ruwa, ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna za ka fito da su a hannu. Har yau in wani ya tambaye ni tsohuwar mota zai saya, abin da nake fara tambayarsa kenan, injin nata akwai 'yan uwansa a kan titi ko ita kaɗai ce a garin.

Amma da na kai wani dattijon bakanike ya duba, mutumin da ya yi shekara arba'in yana gyaran manyan motoci, bai ma buɗe bonet da farko ba. Taya ya durƙusa a gaba. Tayoyin nan zanensu cif kamar ba a taɓa taka su ba, ni abin da na gani kenan. Shi kuma ya goge gefen da tsumma ya nuna min wasu lambobi a ƙarshen rubutun DOT, guda uku ne. Ya ce ɗana, duk tayar da aka yi daga shekarar 2000 zuwa yau lamba huɗu take da ita, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, wannan mai uku ta girmi wasu yaran motar da za ka ɗauka. Ya sa farce a tsakanin zanen sai ga tsaga ƙanana ƙanana kamar ƙasar fadama da rani. Sannan ya kwanta ya shiga ƙarƙashi ya matsa tiyon birki da yatsa, ya taɓa bayan kowane wil ya shinshina hannunsa. Da ya fito ya ce ƙarfenta lafiya, shasi ba tsatsa ba walda, amma duk wata roba da ke jikinta ta mutu, zama ya kashe ta.

Na ji maganar amma ban ɗauke ta da nauyin da ya kamata ba, don idona yana kan dubu talatin da biyar ɗin nan. Shi ne kuma ya ƙara min wani abu da ban taɓa tunani ba, ya ce motar kashe gobara tana iya tsayawa wuri ɗaya awa da awanni injin yana juya famfon ruwa, agogon kilomita bai motsa ba, kuma yawancin fitarta a sanyi ake tayar da ita a taka ta da ƙarfi a yi tafiya 'yar kaɗan a dawo, saboda haka lambar da ke agogo ba ita ce shekarun injin ba. Mun yi sa'a namu injin ya fito lafiya. Sa'a ce kawai, ba don na san abin da nake yi ba.

Muka biya, bayan na tabbatar lambar shasi ta yi daidai da ta takardun kwastan, wannan kam ban yi wasa da shi ba. Na canja tayoyin gaba biyu na ce na baya su ɗan yi mana tafiya ɗaya tunda kuɗi ya yi ƙasa, birki kuma na ce ai yana kamawa. A tafiyar farko da taki, mun wuce Tudun Wada kenan rana ta take, ɗaya daga cikin na baya ta fashe, ƙarar kamar an harba bindiga, ta ɗauke madigadi ta lanƙwasa. Allah ya kiyaye ba gudu muke ba. Muna tsaye ana canjawa direba ya kira ni ya nuna min man birki yana tsiyaya ta cikin wil na baya ɗaya gefen, robar silindar birki ta saki. Na tsaya a bakin titin nan ina kallon buhunan taki da yaran mota biyu da suke zaune a samansu tun daga Kano, jikina ya yi sanyi, don da a gangare abin ya faru ba maganar taya za a yi ba. Rayukan mutane na ɗora a kan robar da aka riga aka gaya min ta mutu. Wannan abin har yanzu yana damuna in na tuna.

Sati uku ta yi a gareji bayan nan. Duk tayoyi, duk tiyon birki, robobin silinda, man birki aka zubar aka sa sabo don yana shan ruwa in ya daɗe, tiyon lagireto, belt, oyil sil na aksul da na giyabos, aka wanke tankin mai aka fitar da wani baƙin datti kamar kunu. Da na haɗa lissafi kuɗin ya kusa rabin abin da muka sayi motar. Da tun farko na sa wannan a cikin farashi da na san ainihin kuɗin motar, da kuma na yi ciniki da shi, kawu ma da bai ji kamar an yi masa ba-zata ba. Shi bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi nan gaba in dattijo ya yi magana a rubuta.

Wani abu game da tayoyin, irin wil ɗin nan ne mai zobe da tib a ciki. Ranar da ake haɗawa na ga yaron mai faci ya sunkuya a kan taya yana ba ta iska, dattijon nan ya daka masa tsawa ya janye shi, ya sa aka juya zoben ya kalli ƙasa aka ɗaure da sarƙa. Zoben in bai zauna daidai ba iska tana iya cillo shi, kuma yana kisa. Tun daga ranar ba a ba tayarmu iska sai ina wurin ko direba yana wurin.

To a daji fa, nan kam ba ni da abin cewa sai godiya. Ranar da muka fara shiga da ita bayan an kwana ana ruwa, akwai wani rafi da hanyar ta ratsa, gangare mai santsi sannan hawa, nan ne kowa yake kafewa. Direba ya tsaya ya sauka ya shiga ruwan da ƙafa da sanda a hannu ya auna zurfi ya taka ƙasan ya ji, ya dawo ya saka giyar daji, tamu irin wadda sai ka saka ta ne tayoyin gaba suke kamawa, ya sa lamba biyu ya bar ta tana tafiya a hankali kamar mai tafiya da ƙafa, bai taɓa kulochi ba bai ƙara wuta ba. Ta shiga ruwa ya kai rabin taya, ta fito tana jan laka ta hau. Mutanen ƙauyen suka fito suna kallo, wani tsoho ya riƙe hannuna ya ce bana taki ya zo a kan lokaci. Don wannan muka saye ta.

Sai dai abin da ban lissafa ba, kuma shi ne babban darasin, duk tafiya ɗaya dajin bai fi kilomita ashirin zuwa talatin ba, sauran duk kwalta ce. Ni na sayi mota ina kallon rafin nan kawai. Abin da ya sa take hawa laka, giyarta gajeru, shi ne yake sa a kwalta in ta kai tamanin injin yana kuka kamar zai fito, dole ka dawo sittin da biyar ko saba'in ka haƙura, tirela ma ta wuce ka. Cikin gidan direba zafi da ƙara, ba ka jin maganar na kusa da kai sai da ihu, sitiyari mai nauyi, in ba kaya sifirin yana dukan bayanka a kowane rami. Mai kuma a awon da na yi da kaina lita ashirin zuwa ashirin da biyar take sha a kilomita ɗari, ya danganta da kaya. Lokacin da gas yake ƙasa da naira ɗari huɗu ana iya runtse ido, amma a 2022 da ya haura ɗari bakwai kowace tafiya sai na zauna da biro.

Ga maganar kaya. Mutane suna kiran duk mai gajeren hanci 911 ko da 1113 ce ko 1513, shi ya sa kawu ya ɗauka za ta ɗauki abin da yake gani ana lodawa a kasuwa. Lambar tana da ma'ana, 9 ɗin nauyin mota da kayanta ne gaba ɗaya wajen tan tara, 11 ɗin kuma ƙarfin injin wajen doki ɗari da goma. Ita kanta da aksul ɗin gaba da giyar daji da bodi ta cinye fiye da rabi, abin da ya rage bai wuce buhu arba'in na masara ba. Eh za ta ɗauki sittin ta tafi, kowa yana yi, amma a rafin nan nauyin da ka ƙara shi ne zai nutsar da kai, a gangare kuma birki ne zai biya. Na tsaya a arba'in, an yi min surutu, ban canja ba.

Akwai kuma ranar da wani sabon direba ya fito daga daji ya hau kwalta ya manta bai cire giyar daji ba. A laka in gaba da baya suka saɓa taya tana ɗan zamewa abin ya wuce, a kwalta ba inda za ta zame, sai ƙarfin ya taru a giya da farfela, wato ƙarfen da ke kai juyi zuwa aksul, kana shan kwana ka ji motar tana turjewa tayoyi suna kuka. Ya yi 'yan kilomitoci a haka, da ya tsaya giyar ta ƙi fita sai da ya yi baya kaɗan ta saki. Ba abin da ya karye, amma laifina ne da na ba shi makulli ban zauna na nuna masa ba, na ɗauka duk wanda ya iya babbar mota ya iya wannan. Yanzu ko waye zai tuƙa ta sai ya yi tafiya biyu a gefen tsohon direbanmu tukuna.

Daga baya tsarin da muka koma shi ne wanda ya kamata in fara tunaninsa tun farko. Motar ta daina zuwa Kano. Mun kama ɗan sito a Saminaka, tirela ko babbar mota ta haya ta kawo taki ta sauke a nan, ita kuma tamu ta dinga jigila tsakanin sito da ƙauyuka, sau biyu wani lokacin sau uku a rana, da kaka kuma ta fito da masara a tara a loda wa manya. Kwalta ba ta fi 'yan kilomitoci take takawa ba. Man da muke ƙonawa ya ragu sosai, tayoyi suna daɗewa, direba yana kwana a gida. In za ta zo Kano sai don babban gyara, shekara sau ɗaya, ba kaya, a hankali.

Da rani in aiki ya tsaya ba na barinta ta zauna kuma. Duk Juma'a da safe direba yana tayar da ita ya zagaya da ita har injin ya yi zafi sosai, ya saka giyar daji a kan burji ya cire, ya taka birki sau da yawa, ya buɗe ƙasan tankin iska ruwan da ya taru ya fita, ya bi farfela da giris. Akwai littafi a cikin motar, kwanan wata da abin da aka yi da abin da aka gani yana ɗiga. Satin da ya wuce ya turo min hoto, ɗigon mai ne kamar girman kwabo a ƙarƙashin aksul ɗin gaba, na ce kar ta fita, na sayi sil ɗin a Ƙofar Ruwa na ba motar Jos ta sauke masa a Saminaka.