Jinyar tauraron teku a tankin gida

Tauraron teku, wata halittar ruwa mai hannuwa da siffar tauraro, ba ya nuna ciwo da wuri. Kifi in ba shi da lafiya za ka gane: ya daina cin abinci, yana goga jiki da dutse, ko ya taso sama yana haki. Shi kuwa tauraro ko lafiyarsa ƙalau yana iya wuni manne a gilashi wuri ɗaya, don haka rashin motsinsa ba ya gaya maka komai. Ranar da ka hango farin tabo a hannunsa, sau da yawa abin da ya jawo shi ya faru kwanaki ko makonni da suka wuce. Wannan ne babban abin da kula da tankin ruwan gishiri ya koya mini, kuma shi ya canza yadda nake jinyar wannan halitta.

Dalilin yana cikin jikinsa. Ba shi da jini irin na kifi. A bayansa, kusa da tsakiya, akwai wani ɗan faifai mai ƙananan ƙofofi wanda ruwa ke shiga ta nan, ya bi bututai zuwa ɗaruruwan ƙananan ƙafafun da ke ƙarƙashin hannuwansa. Da matsin ruwan nan yake tafiya, da shi yake manne wa dutse, ta fatarsa da ƙafafun kuma yake numfashi. Kifi yana da ƙoda da sauran gaɓoɓin da ke daidaita gishirin jikinsa in na waje ya sauya. Tauraro ba shi da wannan gata. Duk yadda ruwan tanki yake, haka cikinsa yake.

Shi ya sa da na ga alamar ciwo, ma'aunin gishiri nake fara ɗauka. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, wanda a ma'aunin nauyin ruwa yake nuna 1.025 zuwa 1.026. Zafin ruwa ga taurarin yankuna masu ɗumi ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26, amoniya kuma, gubar da ke fitowa daga kashin kifi da abin da ya ruɓe, kada a ga ko ɗigo. Lambar ita kaɗai ba ta isa ba, tsayuwarta wuri guda ita ce magana. Ruwa yana ƙafewa kullum, gishiri kuwa ba ya bin tururi, sai ya yi ta taruwa. Mai tanki ya bari ruwa ya ja sosai, sannan ya kwarara ruwan daɗi lokaci guda don cikewa, kifaye ba za su ko kula ba, amma tauraro ya sha wuya sau biyu. Haka ma ranar da aka kawo shi. Ana sa shi a roba da ruwan da ya zo da shi, a bar ruwan tanki yana ɗiga a ciki ta siririn tiyo, ɗis-ɗis, na awa biyu ko fiye. Wanda aka yi wa gaggawa a wannan rana yakan yi kamar ba komai, sai daga baya ya fara zagwanyewa.

Zagwanyewar ba ta da daɗin kallo. Bakin hannu ɗaya ne yake fara yin fari, fatar ta buɗe, naman ya saki kamar takardar da ta jiƙa. Sai ka ga ƙananan fararen ɓarɓashi a kan yashi, su ne ƙasusuwan fatarsa ke zubewa. Jikin da ya kamata ya yi tauri ya koma laƙwas, ƙafafun da ke riƙe gilashi gam sun sake. Akwai gwaji mai sauƙi: a juya shi rigingine a cikin ruwa a hankali. Mai lafiya zai lanƙwasa hannu, ya kama ƙasa, ya mirgino da kansa. Wanda ya kwanta bai yi yunƙuri ba, jiki ya yi nisa. Gwajin ma wahala ne a gare shi, sau ɗaya ya isa.

A nan ne zuciya ke ingiza mutum ya yi wani abu, kuma a nan ake garin neman gira a rasa ido. Yawancin magungunan farin ƙurji na kifin teku da jan ƙarfe ake haɗa su, shi kuwa guba ne ga duk halittar da ba ta da ƙashin baya. Tsoma kifi a ruwan daɗi na ɗan lokaci don kashe ƙwarin jikinsa dabara ce sananniya, amma a yi wa tauraro haka an gama da shi. Ko canjin ruwa mai yawa, wanda shi ne taimakon farko a kusan kowace matsalar tanki, yana iya zama ƙarin duka in sabon ruwan bai yi daidai da tsohon ba a gishiri da zafi. Abin da nake yi bai taka kara ya karya ba: canjin ruwa kaɗan-kaɗan, ware shi a ƙaramin keji a cikin tankin don kada ƙaguwa da jatan lande su yi ta tsagar raunin, sai in janye hannuna. Da dare nakan haska tocila in ga ko wani ne ke cin sa. Jatan landen da ake kira Hymenocera ba shi da abinci sai tauraro, akwai kuma wani ɗan dodon koɗi, Thyca, da ke manne wa ƙarƙashin hannun tauraron da ake kira Linckia yana tsotsa.

Yunwa ita ce ciwon da aka fi rainawa. Tauraron Protoreaster, mai baƙaƙen ƙusoshi a baya, ba shi da wuyar sha'ani: ka sa masa guntun naman kifi a ƙarƙashi, sai ya turo tumbinsa waje ta baki ya lulluɓe shi, ya narkar da shi a nan. In a jikin gilashi yake, za ka ga tumbin ya bazu sirit. Amma shuɗin Linckia da jan Fromia, waɗanda kyansu ke ɗaukar ido, santsin ƙananan halittun da ke yaɗuwa a kan duwatsu suke kiwo, kuma ba su cika karɓar abin da aka miƙa musu ba. A ƙaramin tanki ko sabo, sukan share abin da ke akwai, sannan su yi watanni suna ramewa ba wanda ya lura. Ni a ganina, duk wanda tankinsa bai girma bai kuma tsufa ba, ya haƙura da su.

In sun ga tauraro yana zagwanyewa, masu tanki kan yi saurin cewa cutar narkewa ce, wato annobar da ke narkar da jikin taurarin teku. Cutar gaskiya ce: a 2013 ta ɓarke a gaɓar tekun Fasifik ta Arewacin Amurka, daga Alaska har Meziko, ta kusa ƙarar da tauraron Pycnopodia mai hannuwa da yawa. Sai a 2025 masu bincike suka nuna cewa bakteriyar Vibrio pectenicida ce ke haddasa ta a cikinsa. Abin da ya ɗauki masana fiye da shekara goma, ba da kallo ta gilashi za a tantance shi ba, kuma gishirin da ya yi tsalle ko yunwa duk irin wannan rauni suke bari.

In raunin ya tsaya a hannu, akwai sa rai. Wani lokaci tauraron da kansa yake yar da hannun, wurin ya rufe, ɗan tsiro ya fito, ya ɗauki watanni yana girma. In kuwa farin ya kai tsakiyar jiki, ko ka ɗago shi yana wari, a fitar da shi nan take. Gawarsa na ruɓewa da sauri, amoniyar da za ta saki kuma tana iya tafiya da kifayen da ba ruwansu. Bayan an cire shi a auna ruwan, washegari a sake aunawa.