Talata: daƙiƙa biyu kafin kafaɗarsa ta zabura

Tun da sassafe muka kama hanyar asibiti ni da ɗana na biyu. Shekararsa 9. Wata 14 ke nan yana ƙifta ido babu ƙaƙƙautawa, kafaɗar dama na zabura, kwanan nan kuma ga gyaran murya kamar mai majina a maƙogwaro. An yi ruƙiyya, an sha rubutu. Hajiya ta ce iska ce, a makaranta suka ce iskanci ne, har bulala ya sha.

Kuɗin adashina na ɗauka gaba ɗaya, da niyyar a yi masa hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Likitar ta daɗe tana yi mana tambayoyi, ta sa shi ya yi tafiya, ta duba idanunsa, sannan ta ce, "Maman yaro, ki adana kuɗinki. Wannan larura da bayani da kallo ake gane ta, hoto ba zai nuna miki ita ba." Ta ce tunda abin ya haura shekara guda, ya fara kafin shekara 18, ga motsin jiki ga sauti, sunansa Turet, sunan likitan Faransa da ya yi bayanin mutum 9 masu irinsa a 1885. Raina bai so ba. Ni dai so nake a ba ni abin da zan riƙe a hannu in nuna wa mutanen gida.

A cikin adaidaita ya jingina da ni ya ce, "Umma, kamar atishawa ne fa. Ina jin zuwansa, in na danne sai ya taru." Ban ce komai ba.

Bayan isha'i na ɗauki waya na shiga karatu. Ashe masu bincike sun daɗe suna ɗaukar hoton. A 2003 Bradley Peterson da abokan aikinsa a Amurka sun kwatanta ƙwaƙwalwar mutum 154 masu larurar da ta mutum 130 marasa ita, suka ga wani ɗan sashe can ciki, kaudet, da ke cikin masu tace motsin jiki, ya ɗan fi ƙanƙanta a wurin masu larurar. Sai dai bambancin ba ya fitowa sai an tara jama'a an auna, kuma wani bincike na 2017 a kan yara 103 da takwarorinsu 103 bai ga wannan ƙanƙantar ba. Nan na gane gaskiyar likita. Hoton yaro ɗaya ba zai ce komai ba, balle yaron da kwanciya shiru cikin na'ura ke yi wa wuya, ga shi motsi kaɗan na ɓata hoton.

Wanda ya sa ni hawaye shi ne na 2006. Mutum 10 kawai aka saka a na'urar da ke nuna ƙwaƙwalwa tana cikin aiki. Daƙiƙa biyu kafin zaburar, jiki bai ko motsa ba, sashen da ke shirya motsi da wanda ke jin abin da ke gudana cikin jiki sun riga sun kunnu. Daƙiƙa biyu. Abin da yarona ya gaya mini a adaidaita ke nan, da bakinsa, ba tare da na'ura ba. Ni kuwa da azumin da ya wuce, a gaban baƙi, na daka masa tsawa na ce da gangan yake yi. Ya danne har suka tafi, ya shige ɗaki abin ya ɓarke masa. Allah Ya yafe mini.

Likitar ta ce yakan tsananta tsakanin shekara 10 zuwa 12, sannan ya lafa wa da yawa in sun girma. Mako biyu za mu koma, a fara koya masa yadda zai tari wannan jin da wani motsi na daban.

Yanzu na leƙa shi. Yana barci, kafaɗar ta kwanta lif. Na gyara masa gidan sauro. Takardar da zan kai wa malaminsu gobe tana kan tabarma, saura in sa hannu, in kuma samu Hajiya kafin Abbansu ya fita.